Yadda Ake Buga Riga da Hasken Rana a Yola

Matashin mawaƙi a Wuro Hausa, in ya yi waƙa kan tsadar rayuwa ko kan famfon da ya daina kawo ruwa, ya san ba kowace tashar rediyo ce za ta saka masa ita ba. Sai ya miƙa ta ga masu tura waƙoƙi a waya, sannan ya nemi mai bugun riga ya ɗora masa sunan waƙar a ƙirjin abokansa. Wani lokaci ma mawaƙin shi ne mai bugun, domin sana'ar ba ta cin jari: katako huɗu, yadi mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, roba mai faɗi, tawada, sai rana. Rana kuwa ba a neman ta a Yola, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu.

Aikin daga zane yake farawa. A tsara rubutun a kwamfuta, baƙi wuluk, a fitar da shi a takarda a wani shagon Jimeta. Wanda ba shi da takarda mai shara-shara sai ya shafa wa ta yau da kullum ɗan man gyaɗa, ta zama haske na ratsa ta.

Daga nan sai allo. Ana haɗa katakon nan huɗu, a shimfiɗa yadin a kai, a ja shi ta kowane ɓangare ana dannewa da ƙananan ƙusoshi. Gwani yakan ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. In ya amsa kamar fatar kalangu, ya yi. In ya yi laƙwas, a kwance a sake, don allo mai sanyin jiki harafi mai kumburi yake haifarwa.

Mataki na gaba shi ne mai raba ƙwararre da ɗan koyo. Akwai wani magani mai kauri da haske ke sandarar da shi. A cikin ɗaki mai duhu ake shafa shi a allon, ciki da baya, siriri, a jingine shi gaban fanka ya bushe. A nan ne za a ji maigidan shago yana cewa, "Kai yaro, rufe min ƙofar nan!" Yana da gaskiya, ɗan hasken da ya leƙo ya isa ya lalata aikin yini. In ya bushe, a kifa takardar zanen a bayan allon, a danne da gilashi, a tokare ƙasan da soso da baƙin ƙyalle. Wanda ya manta bai kifa ta ba, rubutunsa a birkice zai fito, sai da madubi za a karanta.

Yanzu a fito da shi tsakar rana. Daƙiƙu ne kawai, ko minti ɗaya zuwa biyu gwargwadon maganin, kuma mai bugun da baki yake ƙirgawa. Duk inda rana ta taɓa ya sandare. Inda baƙin rubutu ya kare ya zauna da taushinsa. A ruga da shi inuwa a fesa masa ruwa, sai haruffan su buɗe ɗaya bayan ɗaya. In ya jima a rana ya ƙi buɗewa, in bai ji rana ba maganin duka ya bi ruwa.

Saura bugu. A zura kwali cikin rigar don kada tawada ta ratsa zuwa baya, a liƙe gefunan allon da salatif, a zuba tawada a sama, a karkata robar a ja ta da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Kowane launi da allonsa, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka fi son launi guda. Mutum biyu, ɗaya na ja ɗaya na shanya, kafin la'asar igiya ta cika.

Wannan sauƙin ne ya sa 'yan gwagwarmaya suka daɗe da riƙe sana'ar. Ƙungiyar Medu, ta 'yan Afirka ta Kudu masu gudun hijira a Gaborone ta Botswana, da irin wannan allo ta riƙa buga fastocin yaƙi da wariyar launin fata ana tsallaka iyaka da su a ɓoye, kuma a cikinta akwai makaɗa irin su Jonas Gwangwa da Hugh Masekela. Babban mai zanensu, Thami Mnyele, sojojin Afirka ta Kudu suka harbe shi a Gaborone ranar 14 ga Yuni, 1985. Nan gida ma ba a rasa misalin takura wa masu fasaha ba. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da "Girgiza Kai" ta Ziriums, amma suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kuwa, har teloli aka kama a Kano bisa zargin ɗinka tutar Rasha. Saboda haka mai bugu mai hankali yakan karanta rubutu sau biyu kafin ya karɓi kuɗi.

Mu koma kan rigar: in tawada ta sha iska, a ɗora takarda a kai a bi da dutsen guga mai zafi don ta kama. Allon kuma a wanke shi nan take kafin ya toshe. In an gama da zanen, a cinye maganin da bilic, gobe allon ya karɓi sunan ango da amarya ko hoton ɗan takara.

Wanda ya sayi rigar, ya juya ta ciki waje kafin wanki, kuma kada ya ɗora dutsen guga kai tsaye a kan rubutun.