Manuni Da Adireshi A Ma'adanar Kwamfuta

Ma'adanar kwamfuta tamkar dogon jerin ɗakuna ce masu girma ɗaya, kowane da lambarsa. Ana kiran ɗakin bayit, lambar kuwa ita ce adireshinsa. Duk abin da manhaja za ta yi aiki da shi, adadi ne ko harafi, sai an ajiye shi a ɗaki ɗaya ko fiye.

Manuni shi ma wurin ajiya ne, sai dai abin da ke cikinsa adireshin wani wuri ne. Alal misali, a ce an ajiye adadin 25 a adireshi na 1000, an raɗa wa wurin suna x. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972, idan aka rubuta &x za a sami 1000. In aka zuba wannan lamba a manuni mai suna p, to *p na nufin a je inda p ya nuna a ɗauko abin da ke can, wato 25. Idan adadin ya ci bayit 4, p+1 zai nuna 1004, ba 1001 ba. Amfanin manuni shi ne ba sai an kwafi tulin bayanai ba, miƙa adireshinsu ya wadatar.

Amma akwai haɗari. A 1965 Tony Hoare, masanin kwamfuta ɗan Birtaniya, ya shigar da manunin wofi, wanda ba ya nuna ko'ina, cikin harshen ALGOL W, don kawai yana da sauƙin aiwatarwa. Harsuna da dama suka ara. Manhajar da ta bi irin wannan manuni ba tare da ta bincika ba, galibi takan tsaya cak. A 2009, wajen taron QCon a Landan, Hoare ya nemi afuwa, ya kira abin kuskuren dala biliyan ɗaya.

Shi ya sa sababbin harsuna irin su Rust suke tilasta wa mai rubuta manhaja ya fayyace abin da za a yi idan aka tarar babu komai. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin adireshi da manuni?
2. Don me p+1 ya nuna 1004?
3. Me ya sa Hoare ya nemi afuwa a Landan?