Sanin Lokacin Barbara

Ya kai mai kiwo, ka sani dabba mace ba ta karɓar namiji kowace rana. Allah ya yanka mata lokaci. In lokacin ya wuce ba ka lura ba, ka ci gaba da ciyarwa ke nan, babu ɗa, babu nono.

Saniya tana neman bijimi sau ɗaya cikin kwana 21, watau mako uku. Neman kuwa gajere ne ƙwarai, ba ya kai yini da kwana. Ga shanunmu masu tozo sau da yawa ba ya wuce sa'a 12, yakan zo kuwa da dare. Saboda haka ka duba garkenka sau biyu, da asuba kafin a sake su, da almuru bayan sun komo.

Ga alamu. Saniya takan rage cin abinci, ta yi ta kuka, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Nononta yakan ragu. Gabanta yakan kumbura kaɗan, ruwa mai yauƙi, garau kamar farin ƙwai, ya riƙa zubowa. Takan hau 'yan'uwanta. Amma babbar shaida ita ce, in wata ta hau ta, ta tsaya cik ba ta gudu ba. Ran nan ka kai ta wurin bijimi, kada ka ce sai gobe.

In ta nema ran Juma'a, ka ƙirga Juma'a uku. In ta sake nema, ba ta ɗauka ba. In ta yi shiru, mai yiwuwa ta sami ciki, sai ka sa ran haihuwa bayan wata 9 da 'yan kwanaki.

Akuya ma kwana 21 ne, amma nemanta yakan kai kwana 1 ko 2. Za ka gan ta tana kaɗa wutsiya, tana kuka, tana bin bunsuru. Tunkiya kwana 17 ce, ba ta nuna alama sosai sai rago yana kusa. Cikinsu duka wata 5 ne. Goɗiya takan yi kwana 5 zuwa 7 tana nema, kusa da ƙarshen kwanakin ne baye ya fi kamawa. Cikinta wata 11.

Akwai abu biyu da ke ɓata wannan lissafi. Na fari yunwa. Saniyar da rani ya ramar da ita takan daina nema ɗungum, har a ce da ita juya, alhali kuwa abinci ta rasa. Ka tanadi harawa da dusa tun da kaka, ka ba ta kanwa. Na biyu gaggawa. 'Yar akuya takan fara nema tun tana wata 5 ko 6, jikinta bai ƙosa ba. In ta ɗauka a sa'an nan sai ta tsumbure, ɗan kuma ya zo ƙanƙane. Ka raba ta da bunsuru sai ta yi girma.

In saniya mai ƙoshi ta sha barbara sau uku ba ta ɗauka ba, ko ta yi ɓari, ka kira likitan dabbobi. Akwai cutar da ake kira bakkale, tana yaɗuwa cikin garke, tana kuma kama mutum ta wurin madarar da ba a tafasa ba.