Bayit 12 na Goshin DNS: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Duk wanda ya bi kwaltar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Tibiri da Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agiye har Gazawa, ya ga sabuwar sana'ar samari: sayar da tiken wifi. Tun da Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, ga faranti bisa rufin shago, ga akwatin MikroTik rataye a bango, ga benci cike da masu latsa waya. Wasu daga cikin samarin nan ba su tsaya ga danna saiti ba, sun shiga rubuta kod da hannunsu, don wayar da ta kama rezo ta faɗa kai tsaye shafin da ake zuba lambar tike. Da su nake magana.

Waya ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kafin ta buɗe kowane shafi sai ta aika tambaya ƙofa ta 53: wannan suna, mece ce lambarsa? Tsarin tambaya da amsar nan shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, aka daidaita shi cikin takardar RFC 1035 a Nuwamba 1987. Kowace tambaya da kowace amsa tana farawa da bayit 12, goshin saƙo. Ka ɗauke shi tamkar rubutun da dillali ya yi a bayan buhun wake: faɗar mai kaya ce. Ba mai hankalin da zai biya kuɗin tiya arba'in don an rubuta arba'in da gawayi. Sai an kwance, an auna. Dokokin da ke ƙasa duka daga nan suka fito.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka haddace goshin kamar yadda ka haddace lambar wayarka. Gida shida ne, kowane bayit biyu: lambar shaida, tutoci, yawan tambayoyi, yawan amsoshi, yawan bayanan masu iko da sunan, yawan bayanan ƙari. Ga goshin tambaya ta yau da kullum: 1A 2B 01 00 00 01 00 00 00 00 00 00. Ga na amsarta: 1A 2B 81 80 00 01 00 01 00 00 00 00. In ka ga 81 80 zuciyarka ba ta ce “amsa ce, lafiya lau” ba, ka ga 81 83 ba ta ce “babu wannan suna” ba, to ba ka isa taɓa kod ɗin da jama'a za su dogara da shi ba.

2. Ka auna tsawon saƙo kafin ka karanta ko bayit guda. Abin da bai kai 12 ba, ka watsar, kada ka amsa. Bayan goshi ma, duk takun da za ka yi ka fara duba ko saura nawa a hannunka. Wannan layi ɗaya na awo shi ne katangar gidanka.

3. Ka juya bayit yadda hanya ke so. A kan waya babban bayit ke gaba, ƙarami a baya. Mafi yawan kwamfutoci da wayoyin da ke hannunmu kuwa akasin haka suke ajiye lamba. Ka karanta 00 01 ba tare da ntohs ba, tambaya guda ta zama 256. A Python, struct.unpack("!6H", ...) ya ishe ka, kuma alamar motsin rai da ke gaba ita ce dukan aikin. Ka mance ta, ka kwana kana zagin rezo alhali laifin na teburinka.

4. Ka ciro tutoci da turawa da tacewa. Ka haɗa bayit biyun su zama lamba ɗaya: QR, mai bambanta tambaya da amsa, shi ne bit na can sama, ka tura sau 15; nau'in aiki kuwa, ka tura sau 11 ka tace da 0xF, TC yana 0x0200, RD, roƙon a nemo wa mai tambaya amsa, yana 0x0100, RA yana 0x0080, sakamako kuma, RCODE, bit huɗu ne na ƙasa. Wannan hanya ba ta sauyawa ko a kan wace na'ura.

5. Ka mayar wa mai tambaya abinsa yadda ya kawo. Lambar shaida ka kwafe ta bayit da bayit. Tutar RD ka kwafe. Sashen tambaya ka maido shi daidai, har da manyan haruffa da ƙanana, domin akwai sabobin da ke cakuɗa su da gangan don su gane amsar jabu. Ka ɗaga QR. Sauran gidajen ƙidaya kuwa ka cika su da abin da kai ka zuba, ba da abin da ya zo maka ba.

6. Ka san inda tambaya ta ƙare. A nan zan daɗe, don a nan na ga an sha wuya. Wani ɗan ƙanwata da ke da shagon tike kusa da tasha ya rubuta ƴar sabar DNS ta layi talatin. Dabararsa: ya kwafe saƙon da ya shigo gaba ɗaya, ya ɗaga QR, ya sa yawan amsa 1, ya liƙa amsarsa a wutsiya. Ya gwada da tsohuwar wayarsa, ta yi. Ranar kasuwa sai ga masu tike a tsaye bakin shago, wasu shafi ya buɗe musu, wasu farin allo. Ya sauya kebul, ya hau rufi ya goge faranti, har ya fara mayar wa mutane kuɗinsu. Da na zauna muka buɗe Wireshark, bayit biyu na ƙarshen goshi suka tona asiri: 00 01. Na'urorin da suka ƙi aiki suna rataya wa tambayarsu wani bayanin ƙari mai suna OPT, na tsarin EDNS da ya fito tun 1999. Shi kuma ya zo ya ajiye amsarsa bayan wannan bayanin, wato ya ɗaura sirdi a bayan wutsiya. Waya ta karanta OPT a mazaunin amsa, ta ga shirme, ta yar. Gyaran bai ci minti goma ba: ka bi sunan gaɓa-gaɓa har bayit 00, ka ƙara huɗu na nau'i da aji, ka yanke a nan, ka ɗora amsa, sannan ka mai da gidan ƙari sifili ko ka rubuta OPT naka da kyau.

7. Ka bambanta “babu sunan” da “babu irin wannan amsa”. Waya ba lambar IPv4 kaɗai take tambaya ba, nau'i na 1; tana tambayar nau'i na 28 don IPv6, wasu har da na 65. In ba ka da abin da aka nema, ka mayar da RCODE 0 da yawan amsa sifili. RCODE 3 na nufin sunan bai wanzu sam, ta kowane nau'i. Ka faɗi haka bisa kuskure, wayar ta riƙe maganarka, ta daina nema. Sauran ma ka san su: 1 saƙo ya lalace, 2 saba ta gaza, 4 ba a yin wannan aiki a nan, 5 an ƙi.

8. Ka girmama tutar TC. Asalin ƙa'ida, saƙon UDP ba ya wuce bayit 512. Da EDNS ana faɗaɗawa, kuma tun 2020 masu harkar suka tsaya kan 1232 don kada saƙo ya tsage a hanya. In amsa ta zo da TC a ɗage, guntuwa ce: ka sake tambaya ta TCP. A can kuma akwai bayit biyu na tsawo kafin goshi, kuma saƙon na iya isowa kashi-kashi, balle inda rezo ke numfashi sama-sama. Ka jira har adadin ya cika.

9. Ka gwada da shara kafin ka gwada da mutane. Ka aika wa kod ɗinka saƙo mai bayit 5, mai goshi kaɗai, mai iƙirarin amsa dubu, mai suna marar ƙarshe. Ka kwatanta abin da ya fitar da abin da manhajar dig ta nuna. Gani ya kori ji.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka yarda da ƙidayar goshi. Gidan yawan amsoshi na iya cewa 65,535. Mafi ƙanƙantar bayani bayit 11 ne, saƙo mai 512 kuwa, in an cire goshi, ba zai ɗauki fiye da 45 ba. Wanda ya ware wuri a ƙwaƙwalwar na'ura bisa faɗar goshi, ko ya bar zagayensa ya yi ta juyawa har ya cika adadin, ya yi cinikin biri a sama. Inda bayit ya ƙare, nan karatu ya ƙare.

2. Kada ka kifa struct mai yankakkun bit na harshen C a kan saƙo kai tsaye. Harshen bai yi alkawarin ta wane gefe zai jera bit ɗin ba, ya bar wa kowane mai harhaɗa kod zaɓinsa. Abin da ya yi aiki a kwamfutarka na iya kifewa a ƙaramin allon da ka kai shago. Tsofaffin fayilolin da za ka gani da irin wannan tsari sun rubuta shi sau biyu, ɗaya don kowane jeri. Mai kwafe rabi ya kwafi rabin ciwo.

3. Kada ka bi manuni ido rufe. Suna kamar misali.ne ana rubuta shi 06, haruffa shida, 02, haruffa biyu, 00. Don tsimi, in sunan ya sake fitowa sai a sa manuni: bayit biyu da bit biyunsu na can sama suke ɗage, sauran 14 su nuna inda sunan yake. C0 0C da za ka yi ta gani na nufin “koma bayit na 12”, wato daidai bayan goshi. To mugu na iya sa manuni ya nuna kansa, kod ɗinka ya yi ta zagaye kamar raƙumin ban ruwa har na'ura ta sandare. Ko ya nuna wajen saƙo, ka karanto abin da ba naka ba. Manuni baya kaɗai zai nuna, ka kuma ƙidaya tsallen ka sa masa iyaka. Gaɓa ba ta wuce bayit 63, suna ba ya wuce 255. Kada ka ce wannan kuskuren ƴan koyo ne: a 2021 masu bincike sun bayyana ramukan da suka kira NAME:WRECK a tsare-tsare irin su FreeBSD da Nucleus NET, kuma sarrafa sunaye da manuni na cikin tushensu.

4. Kada ka ƙirga lambar shaida 1, 2, 3. Bit 16 ne kacal, wato 65,536. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna wa duniya yadda za a yi wa saba ruwan amsoshin ƙarya har ɗaya ta dace, a cusa mata lambar ɓarawo a mazaunin ta banki, ta kuma riƙa raba wa duk mai tambaya. Ka ɗebo lambar daga majiyar sa'a ta tsaro, irin secrets ko getrandom, ka kuma bar ƙofar fitarka tana sauyawa a kowace tambaya. Ka tuna mutanen da ke kan bencinka kuɗi suke aikawa gida ta wayoyin nan.

5. Kada ka karɓi amsa don lambar shaida ta dace kawai. Ta fito daga adireshin da ka tambaya? Ta ƙofar da ka tambaya? Tambayar da ke cikinta taka ce? In ɗaya ya saɓa, ka yar, ka ci gaba da jira.

6. Kada ka amsa wa amsa. Saƙon da ya shigo sabarka da QR a ɗage ba tambaya ba ne. Ka yi shiru. Saba biyu marasa wannan tarbiyya na iya kwana suna jifar juna da saƙo, su cinye layin da ka biya da guminka.

7. Kada ka kori saƙo don ka ga bit ɗin da tsohon littafi ya ce sifili ne. A 1987 an keɓe bit uku ba a ba su aiki ba. Daga baya biyu sun zama AD da CD na tsarin DNSSEC. Shi ya sa tambayar dig ke zuwa da 01 20. Bit guda ne ya rage a keɓe, kuma kai ka bar shi sifili a duk abin da ka aika.

8. Kada ka ɗaga tutar da ba ka da hurumi a kanta. AA na nufin kai ne mai sunan. RA na nufin kana zuwa nemo amsa a madadin mai tambaya. AD na nufin an tantance sa hannu. Ɗaga su don ado shaidar zur ce.

9. Kada ka bar ƙofa ta 53 a buɗe ta gefen intanet. Tambaya ƙarama ce, amsa na iya ninka ta sau da yawa, kuma a UDP ana iya ƙaryar adireshin mai aikawa. Da irin waɗannan sabobi na kowa-da-kowa aka yi wa ƙungiyar Spamhaus luguden da ya girgiza masu harkar a Maris 2013. Ka amsa wa masu tikenka, ka toshe sauran duniya.

10. Kada ka cusa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ tsirara cikin suna ka ƙirga su harafi ɗaya-ɗaya. Lambar gaban gaɓa bayit take ƙirgawa, ɗ kuwa bayit biyu ne a UTF-8. Sunayen da ke da irin haruffanmu ana fara mai da su siffar da ke somawa da xn-- kafin su hau hanya.

11. Kada ka rubuta naka in akwai wanda aka daɗe ana duka. Don koyo, rubuta, har ma ina ƙarfafa ka. Don shagon da ke ciyar da gida kuwa, dnsmasq da Unbound da sabar da ke cikin akwatinka sun sha gwajin da kod ɗinka na daren jiya bai sha ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙanena, ba na hana ka sana'a. So nake ranar kasuwa ta same ka kana karɓar kuɗi, ba kana bisa rufi da tsumma a hannu ba. Ka buga dokokin nan ka manna kusa da akwatin. Duk saƙon da ya shigo ta ƙofa ta 53, ko daga wayar aminin ka ya fito, ka kwance buhun, ka auna, sannan ka biya.