Darasi: gaban iska da bayan iska

Turawan Ingila masu jiragen ruwa da iska ke turawa suna da kalmomi 2 da ba su haɗawa. Ta farko windward, wato wajen da iska ke fitowa. Ta biyu leeward, wato wajen da iska ke nufa. A darasin nan za a kira su gaban iska da bayan iska.

Ga misali. Mutum ya tsaya gindin kuka ranar hunturu. Gefe guda ƙura na bugun shi: gaban iska ke nan. In ya zagaya, kukar ta kare shi: bayan iska ke nan.

Jiragen masunta na tabkin Madarumfa da hannu ake tuƙa su, amma su ma iska na juya su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas. Bakin tabki na wannan waje ruwansa kwance yake, don nan iska ke fara hawa ruwa. Can ƙetare, kudu maso yamma, igiyar ruwa ta riga ta girma, tana iya kife jirgi mai kaya. Da damina iska na juyawa, tana fitowa daga kudu maso yamma. Amma hadari daga gabas yakan taso. Masunci in ya ga gabas ta yi baƙi, sai ya fita tun da wuri.

A tudu ma haka ne. Mai fesa maganin ƙwari ya ba iska baya, maganin ya tafi bayan iska, kada ya shaƙa. Mai sheƙa ta duba inda ƙaiƙayi zai nufa. Kada a hura wuta a gaban iska, rumbu na bayan iska: tartsatsi guda na cinye abincin shekara.

A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don su tare iska. Gonakin da ke bayan layukan sun samu kariya.

Kafin kowane aiki, a watsa ɗan rairayi sama. Inda ya nufa, nan ne bayan iska.

Tambayoyi
1. Daga ina hunturu ke busowa?
2. Wane bakin tabki ya fi hatsari da hunturu?
3. Ina ya kamata a hura wuta in akwai rumbu kusa?