Yadda Ake Gane Mahaɗar da Ta Fi Cin Rai

Wani direban tasi daga Zariya yana tambaya: ta yaya hukuma ke gane cewa wata mahaɗar hanya ta fi sauran haɗari?

To malam direba, mun gode. Aikin yana farawa daga rahoton da 'yan sanda da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, suke rubutawa bayan an yi karo. Sai a ɗora kowane haɗari a kan taswira, na shekara 3 zuwa 5, domin shekara guda tana iya zuwa da tsautsayi kawai.

Amma ƙidaya kaɗai tana ruɗi. Mahaɗar da dubban motoci ke ratsawa kullum dole ta fi ta ƙauye yawan karo. Shi ya sa injiniyoyi ke lissafa haɗari nawa ake samu cikin kowace mota miliyan 1 da ta shigo mahaɗar, kuma karon da ya ci rai ya fi na fasa fitila nauyi a ma'auni.

Daga nan sai a je wurin a tsaya, da safe da kuma gab da magariba. A ga tirelar da ta tare wa direbobi gani, mai rake ya kafa tebur a bakin kwalta, ɗan makaranta yana kutsawa da gudu tsakanin a-daidaita-sahu. A kuma duba siffar mahaɗar, domin a mahaɗa mai ƙafa huɗu akwai wurare 32 da motoci ke iya cin karo; shataletale yana rage su zuwa 8.

Abin da ke damuna, malam, karon da kuke sasantawa a bakin titi ba ya shiga littafi, sai mahaɗar ta zama kamar lafiya lau. In ka ga haɗari, kira FRSC a lamba 122.