Ganin Likitan Fata Ta Waya

Ƙurajen fuska, waɗanda ake kira ƙurajen balaga, ba ƙazanta ke kawo su ba. Fata tana fitar da maiƙo ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Idan maiƙon ya yi yawa sai ƙofar ta toshe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ƙurji ya fito.

Likitocin fata ba su da yawa a ƙasarmu. Galibinsu suna manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika a Zariya. Kafin mutumin ƙauye ya gan su, sai ya kashe kuɗin mota ya bi dogon layi. Yanzu kuwa ana iya tura wa likita hoto ta waya, ya duba, ya yi tambayoyi, ya rubuta magani.

Sai dai abin da hoto ya nuna, shi likita zai gani. Don haka a wanke fuska, a goge hoda. A fita waje da rana, a tsaya a inuwa ana fuskantar haske. A ɗauki gaba, da gefen dama, da na hagu, sannan a matso da waya kusa da ƙurajen. Wayoyin zamani kan gyara fuska ta yi sumul. To a kashe wannan gyaran, ai ba hoton biki ba ne.

A gaya wa likita duk man da ake shafawa, musamman na bilicin, domin da yawa daga cikinsu su ke tsiro da ƙurajen. Mai juna biyu kada ta ɓoye. Magunguna irin su isotretinoin da doxycycline suna cutar da abin da ke ciki.

Maganin shafawa, kamar benzoyl peroxide, kan kai mako 6 zuwa 8 kafin a ga sauƙi. A yi haƙuri, kuma a daina matsa ƙurji, don matsawa ke barin baƙin tabo. In ƙurajen manya ne masu zafi a ƙarƙashin fata, waya ba ta isa ba, sai an je asibiti.

Ba duk mai tallan magani a Facebook ne likita ba. Kafin ku tura hoto ko kuɗi, ku tambayi sunansa da asibitin da yake aiki, ku tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN.