DARASI NA SHA BIYU: SHAHARARRUN MUTANE DA LAUNIN FATA A ZAƁEN AMURKA

Ɗalibai, ku karanta wannan bayani a tsanake, ku nazarci kalmomin da ke ƙarshensa, sannan ku amsa tambayoyi.

Idan lokacin zaɓe ya ƙarato, 'yan takara sukan nemi mawaƙa da 'yan fim da 'yan wasa su fito fili su mara musu baya. Dalili kuwa shi ne, wanda jama'a suke ƙauna ba ya rasa mai sauraronsa. To, amma shin ƙaunar da ake yi wa tauraro tana komawa ƙuri'a? Za mu nemi amsa a ƙasar Amurka, inda wannan al'ada ta daɗe, inda kuma launin fata yake da tasiri a siyasa.

Da farko, ku san tarihin wurin. Baƙar fata su ne kimanin kashi 13 cikin ɗari na al'ummar Amurka, kuma kakannin yawancinsu bayi ne da aka kwaso daga Afirka. A shekarar 1870 aka gyara tsarin mulki domin kada a hana mutum zaɓe saboda launinsa. Duk da haka, jihohin kudu suka ɓullo da dabaru, kamar harajin zaɓe da jarrabawar karatu, suka ci gaba da tauye wannan haƙƙi. Sai a 1965, bayan gwagwarmayar su Martin Luther King, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kare 'yancin zaɓe. Tun daga wancan zamani, mafi yawan baƙar fata jam'iyyar Democrat suke zaɓa.

A 2007, Sanata Barack Obama, wanda mahaifinsa ɗan Kenya ne, mahaifiyarsa kuma farar fata, ya fito neman jam'iyyar Democrat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Babbar abokiyar karawarsa ita ce Sanata Hillary Clinton, wadda ta fi shi suna nesa ba kusa ba. A lokacin, har cikin baƙar fata da yawa sun fi karkata gare ta. Wasu suna ƙaunar mijinta, tsohon Shugaba Bill Clinton. Wasu kuma suna ganin farar fata ba za su taɓa zaɓen baƙi ba, don haka ba shi ƙuri'a asara ce.

A nan ne Oprah Winfrey ta shigo. Ita baƙar fata ce, an haife ta cikin talauci a jihar Mississippi a 1954. Shirinta na talabijin ya game Amurka daga 1986 zuwa 2011, kuma yawancin masu kallonsa mata ne farar fata. Sun amince da ita ƙwarai, har idan ta yaba littafi sai a yi rububin sayensa. Ba ta taɓa goyon bayan wani ɗan takarar shugaban ƙasa a fili ba, sai a watan Mayu na 2007 da ta ce tana tare da Obama. A watan Disamba ta bi shi gangami a jihohin Iowa da New Hampshire da Carolina ta Kudu, inda mutane kusan 30,000 suka hallara a filin wasa na birnin Columbia.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Ranar 3 ga Janairu, 2008, Obama ya zo na ɗaya a Iowa, jihar da a lokacin fiye da kashi 90 na mutanenta farar fata ne. Wannan nasara ta kawar da shakkar baƙar fata, domin gani ya kori ji. Da aka zo Carolina ta Kudu a ƙarshen watan, kusan kashi 80 na baƙar fatan da suka yi zaɓe shi suka bai wa ƙuri'a. Daga baya masana tattalin arziki biyu, Craig Garthwaite da Timothy Moore, suka gwada yawan masu sayen mujallar Oprah a kowane yanki da ƙuri'un da aka kaɗa a wurin. Suka ƙiyasta cewa goyon bayanta ya ƙara wa Obama ƙuri'a kimanin miliyan 1 a zaɓen fid da gwani.

Ita ma ta ɗanɗana kuɗarta. Wasu mata masu kallon shirinta sun fusata, suka ce ta juya wa 'yar'uwarta mace baya saboda launin fata. Ta amsa musu cewa hazaƙarsa ta duba. A babban zaɓe na 4 ga Nuwamba, 2008, Obama ya kayar da John McCain. Ya sami kimanin kashi 95 na ƙuri'un baƙar fata da kashi 43 na farar fata. Da ƙuri'un baƙar fata kaɗai, da bai kai ko'ina ba.

Kada ku ɗauka cewa kullum haka abin yake. A 2016, Beyoncé da Jay-Z sun yi wasa domin Hillary Clinton a birnin Cleveland na jihar Ohio, kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Jama'a sun yi cincirindo, amma Donald Trump ne ya ci jihar. A 2024 kuma, Oprah da Beyoncé da Taylor Swift duk sun mara wa Kamala Harris baya, ta kuma faɗi. Bahaushe yakan kira irin wannan taron tsintsiya ba shara.

Me ya kawo bambancin? A zaɓen fid da gwani, 'yan takara 'yan jam'iyya ɗaya ne, manufofinsu sun yi kama, mai zaɓe yana cikin ruɗu, don haka kalmar wanda ya amince da shi tana da nauyi. Haka kuma Obama sabo ne a lokacin, yana bukatar mai gabatar da shi, Oprah kuwa tana da masoya a ɓangarorin biyu. A babban zaɓe, yawancin mutane sun riga sun yanke shawara bisa jam'iyya da halin rayuwa, kamar tsadar abinci da aikin yi. Waƙa ba ta cika sauya irin wannan ra'ayi ba.

Nan gaba kaɗan za ku cika shekara 18, ku ma ku sami katin zaɓe. Idan tauraron da kuke so ya ce ku zaɓi wane, ku tambayi kanku: me ya sani game da mulki? Me zai samu? Idan kuma an ce ku zaɓi mutum don naku ne, ku tambaya: me ya taɓa yi wa jama'a? Mawaƙi zai koma gidansa bayan gangami, amma ku ne za ku zauna da wanda kuka zaɓa har shekara huɗu.

Ma'anar kalmomi

Mara baya: goyon baya.
Tauye: rage wa mutum abin da ya cancanta.
Gangami: babban taron jawo hankalin jama'a.
Zaɓen fid da gwani: zaɓen da jam'iyya take yi don tsayar da ɗan takararta.
Rububi: gaggawar mutane da yawa don samun abu ɗaya.
Cincirindo: taruwar mutane masu yawa a wuri ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne dabaru aka bi wajen hana baƙar fata zaɓe kafin 1965?
2. Me ya sa baƙar fata da yawa ba su bi Obama ba tun farko?
3. Yaya nasarar Iowa ta sauya ra'ayinsu?
4. Ku bayyana ma'anar "taron tsintsiya ba shara", ku sa shi a jimla.
5. Me ya sa maganar tauraro ta fi tasiri a zaɓen fid da gwani?

Aikin aji

Ku kasu gida biyu, ku yi muhawara da Hausa a kan wannan batu: "Bai kamata mawaƙa su shiga yaƙin neman zaɓe ba."